Taurarin Hokin Ƙanƙara a Wasannin Neman Kofin Stanley: Me Ke Sa Wasu Haskawa, Wasu Su Dusashe?

Tsakure

Daga Afrilu zuwa Yunin kowace shekara, 'yan jarida da magoya baya a Kanada da Amurka kan raba manyan 'yan wasan hokin ƙanƙara gida biyu: masu zuciya da ake gani ranar wuya, da masu raki da ke ɓacewa idan gumu ta yi gumu. Wannan maƙala ta bi misalai daga gasar NHL tsakanin 1971 da 2025 domin ta auna wannan hukunci. Matsayarta ita ce, a mafi yawan lokuta ba ɗan wasan ne ke canjawa ba, filin da ake bar masa ne ke ƙuntata, kuma wasannin da ake yanke masa hukunci da su sun yi kaɗan. Duk da haka ta yarda akwai wani kaso na nasara ko gazawa da ke hannun tauraron da kansa, ta kuma yi ƙoƙarin nuna inda wannan kaso yake.

Gabatarwa

A daren 24 ga Yunin 2024, a garin Sunrise na jihar Florida, aka sanar da Connor McDavid, kyaftin ɗin Edmonton Oilers, a matsayin wanda ya lashe kyautar Conn Smythe, wadda ake bai wa gwarzon wasannin neman kofi. Bai fito ya karɓa ba. Yana can ɗakin canja kaya da abokan wasansa, domin 'yan mintuna kafin nan Florida Panthers ta doke su da ci 2 da 1 a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe. McDavid ya tara maki 42 a wasa 25. A hoki, ɗan wasa kan samu maki ɗaya idan ya ci ƙwallo, ɗaya kuma idan yana cikin mutum biyu na ƙarshe da suka miƙa ta kafin a ci. Cikin makin nan nasa, 34 na miƙawa ne, abin da ya shafe tarihin 31 da Wayne Gretzky ya kafa a 1988. Bayan Florida ta cinye wasa uku na farko, shi ya ceto ƙungiyarsa daga bakin kura: maki huɗu a wasa na huɗu, huɗu a na biyar. Sai ga shi a wasa na shida da na bakwai bai samu ko ɗaya ba.

To, a wane gida za a ajiye shi? Mai son yabo yana da hujjar wata biyu cur, mai son suka kuma yana da hujjar dare biyu, kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Wannan ya isa ya nuna cewa rabon gida biyun nan yana da gyara.

Yadda wasan ke sauya kama

A kakar 2024-25 ƙungiyoyi 32 ne a gasar NHL, kowacce na buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Guda 16 ke wucewa. Daga nan zagaye huɗu ne, kuma a kowane zagaye ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Mai son ɗaga kofin sai ya yi nasara sau 16 cikin kimanin wata biyu, yawanci yau wasa, gobe hutu, jibi wasa.

Abu na farko da ke ɓacewa shi ne ganima mai sauƙi. A cikin kaka, tauraro na cin wani kaso na makinsa a kan ƙungiyoyin ƙasan tebur, ko a kan gola na biyu da aka sa don a hutar da na farko, ko a kan 'yan wasan da suka buga jiya suka kwana a jirgi. Da an shiga neman kofi babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙarin lokaci ma ya sauya. A cikin kaka, tun 2015, idan an tashi kunnen doki akan ƙara minti biyar da mutum uku-uku ban da gola, fili fetal ga mai gudu da dabara. A neman kofi kuwa mutum biyar-biyar ne, minti 20 bayan minti 20 har sai wani ya ci. A 2020 Tampa Bay da Columbus sai da suka shiga ƙarin lokaci na biyar, golan Columbus, Joonas Korpisalo, ya tare hari 85 kuma duk da haka aka cinye su.

Shi ya sa raguwar maki kaɗan ba abin kunya ba ce, al'ada ce. Gretzky, wanda ba a yi kamarsa ba, ya tara maki 2,857 a wasa 1,487 na kaka, wato 1.92 a kowane wasa. A neman kofi yana da 382 a wasa 208, wato 1.84. Shi ma ya ragu.

Akwai kuma wani abin da mai kallon ƙwallon ƙafa ko kwando ke saurin mantawa. Wasan hoki minti 60 ne, amma gudu a kan ƙanƙara na cin numfashi har ba a iya wuce minti ɗaya a zubi guda. Ƙungiya na da 'yan gaba 12 a sahu huɗu, suna shiga suna fita. Babban ɗan gaba kan yi minti 20 zuwa 22 a fili, ke nan kusan kashi biyu cikin uku na wasan yana zaune a benci yana kallo, alhali tauraron kwando kan yi minti 40 cikin 48. Tarihin Gretzky ya isa shaida. Ya ci kofi huɗu da Edmonton, aka sayar da shi ga Los Angeles a 1988, bai sake ɗagawa ba har ya yi ritaya, duk da maki 40 da ya tara a 1993 lokacin da ya kai su wasan ƙarshe. Edmonton kuwa ta sake cin kofin a 1990 ba tare da shi ba.

Abokin karo guda har sau bakwai

Nan ne zuciyar al'amarin. A cikin kaka koci na da yini guda ko biyu ya shirya wa kowace abokiyar karawa. A neman kofi yana da mako biyu a kan mutum ɗaya. Kamar ɗan damben da aka ce da mutum guda zai kara yau da jibi da gata: kafin kwana na uku abokin karon ya san ta inda hannu ke fitowa. Masu nazarin bidiyo za su tsinto ta wane gefe tauraron ke son shiga, a ina yake karɓar ƙwallo, wa ke miƙa masa. Sannan doka ta bai wa mai masaukin baƙi damar sauya 'yan wasa a ƙarshe duk lokacin da aka tsayar da wasa. Koci zai jira ya ga tauraron abokan hamayya ya shiga, sai ya tura masa masu tsaron da ya tanada dominsa.

Wasan ƙarshe na 1997 ya nuna yadda ake wannan aiki. Eric Lindros na Philadelphia ƙato ne mai nauyin sama da kilo 100, gwarzon gasar na 1995, kuma shi da John LeClair da Mikael Renberg sun tattake duk wanda suka haɗu da shi a zagaye uku na farko. Kowa ya ɗauka kocin Detroit, Scotty Bowman, zai tura masa Vladimir Konstantinov, ɗan bayansa mafi iya bugun jiki, a yi ƙarfi da ƙarfi. Sai Bowman ya tura Nicklas Lidström da Larry Murphy, mutum biyu da ba su cika bangazar kowa ba. Aikinsu shi ne tsayawa inda ya dace, sa sanda a hanyar ƙwallo, da fitar da ita daga gida kafin Lindros ya iso. Ƙarfin da ya zo da shi ya rasa wanda zai sauke wa. Ƙwallo ɗaya ya ci a karawar duka, ita ma saura kimanin daƙiƙa 15 a tashi wasa na huɗu, lokacin da kofi ya riga ya kama hanyar Detroit. Shekaru da dama ana ambaton wannan mako a matsayin shaidar cewa Lindros ba shi da zuciya, ana manta cewa shi ya fi kowa maki a wasannin neman kofin shekarar, da 26.

Sidney Crosby na Pittsburgh ya ɗanɗana irin wannan, sai dai ƙarshen labarinsa ya bambanta. A wasan ƙarshe na 2009 Detroit ta manna masa Henrik Zetterberg, ya tashi da ƙwallo ɗaya da miƙawa biyu a wasa bakwai. A wasa na bakwai ma ya ji ciwo a gwiwa tun a zango na biyu, ya ƙare daren kusan duka a benci. Amma Pittsburgh na da Evgeni Malkin a sahu na biyu, wanda ya samu sarari saboda an tattara mafi kyawun masu tsaro a kan Crosby, ya kuma ƙare da maki 36 da kyautar Conn Smythe. Ƙwallaye biyun da suka ba su nasara da ci 2 da 1 kuwa Maxime Talbot ne ya ci su, mutumin da ya ci 12 kacal a kakar duka. Crosby ya ɗaga kofi yana da shekara 21, ba wanda ya kira shi rago. Bayan shekara huɗu Boston ta rufe shi da Malkin a lokaci guda, da Zdeno Chára da Patrice Bergeron da gola Tuukka Rask. Pittsburgh ta ci ƙwallo biyu tak a wasa huɗu, su biyun ba wanda ya samu maki. Crosby ɗin dai shi ne, kuma shi ne ya dawo ya lashe Conn Smythe a 2016 da 2017.

Bugun jiki ma na ƙaruwa sosai, kuma 'yan wasa sun daɗe suna ƙorafin cewa riƙo da shan gaba da ake hurawa a Nuwamba akan kau da kai daga gare su a Mayu. A 2021 McDavid ya tara maki 105 a wasa 56 na kaka, gudunsa na tilasta wa masu tsaro su riƙe shi ko su sa masa sanda. A karawarsu da Winnipeg, wasa huɗu, ba a fitar da ko mutum ɗaya saboda ya yi masa keta ba, aka kuma yi waje da Edmonton ba ta ci ko wasa guda ba.

Gola, da rawar da sa'a ke takawa

Ƙwallon hoki faifan baƙar roba ce mai nauyin kimanin giram 170, raga kuma faɗinta ƙafa shida, tsayinta huɗu, ga gola a gabanta da sulken da ya kusa cike ta. Matsakaicin gola na tare kusan tara cikin kowane hari goma. Idan ya samu mako biyu da komai ke faɗa masa daidai, babu tauraron da zai iya da shi.

A 1971 Boston ta ci ƙwallo 399 a kaka, Phil Esposito shi kaɗai ya ci 76, ga Bobby Orr a bayansa. Montreal ta tsayar musu da Ken Dryden, ɗalibin lauya mai shekara 23 wanda wasa shida kawai ya taɓa bugawa a NHL, ya kuma fitar da su a wasa bakwai. A 2010 tarihi ya maimaita kansa a kan Washington, wadda ta fi kowa maki da 121, ta kuma fi kowa zura ƙwallo. Tana gaba da wasa 3 da 1 a kan Montreal sai Jaroslav Halák ya rufe ƙofa: ya tare 37 cikin 38, sannan 53 cikin 54, sannan 41 cikin 42. Hari 134 aka kai masa a wasa uku, uku suka shiga. Alexander Semin, wanda ya ci 40 a kakar, ya kai hari 44 a karawar bai ci ko ɗaya ba. Sau 33 Washington ta samu damar wasa da ratar mutum saboda an fitar da ɗan Montreal na ɗan lokaci, sau ɗaya ta ci. Alexander Ovechkin kuwa ya ci biyar ya miƙa biyar a wasa bakwai, amma shi aka ɗora wa laifin, kuma tambarin ya bi shi shekara takwas.

Ɗan lissafi kaɗan zai taimaka a nan. A ɗauki ɗan wasan da ke cin ƙwallo 12 cikin kowane hari 100, wanda hannu ne mai kyau. Idan ya kai hari 25 a karawa guda, abin da ake sa rai shi ne ƙwallo uku. Amma ko da bai canja komai ba, ko da zuciyarsa ba ta girgiza ba, yiwuwar ya tashi da ɗaya ko babu ta kai kusan kashi 18 cikin 100. Ƙungiyoyi 16 ke shiga, kowacce da manya biyu ko uku. Ke nan kowace shekara sai an samu taurari da dama da suka bushe a zagayen farko ba don wani dalili ba sai faɗuwar ƙwallo: ta bugi ƙarfe, ta taɓa ƙafar wani, ta goge kafaɗar gola. Kuma kowannensu za a rubuta masa dogon sharhi a kan halinsa.

Sa'ar nan na juyawa ta ɗaya gefen. John Druce na Washington ya ci takwas a wasa 45 na kakar 1989-90, sai ya ci 14 a wasa 15 na neman kofi. Fernando Pisani na Edmonton ya ci 18 a wasa 80 a 2005-06, sannan 14 a wasa 24. Babu ɗayansu da ya sake yin kusa da haka. Har Justin Williams, wanda ake wa kirari da sarkin wasa na bakwai saboda maki 15 da ya tara a irin waɗannan darare, duk kirarin a kan wasa tara aka gina shi. Ya cancanci yabo, domin ya yi abin a idon duniya, sai dai wasa tara ba su isa a auna halin mutum da su ba, ko don yabo ko don zagi.

Ciwon da ake ɓoyewa

Ƙungiyoyin NHL ba sa faɗin ainihin ciwon ɗan wasa a lokacin neman kofi. Iyaka su ce saman jiki ko ƙasan jiki, don kada abokan hamayya su san inda za su buga. Gaskiya kan fito ne bayan an fitar da ƙungiya, lokacin da hukuncin jama'a ya riga ya zauna. A 2004 Joe Thornton, kyaftin ɗin Boston, ya buga wasa bakwai da Montreal bai samu maki ba, har wani marubucin jarida a garin ya nemi ya ajiye kyaftin. Da yagaggen guringuntsin haƙarƙari ya buga. Boston ta sayar da shi ga San Jose a Nuwamban 2005, a wannan kakar kuma ya tara maki 125 ya zama gwarzon gasar. Bergeron ya buga wasa na shida na zagayen ƙarshe na 2013 da karyayyen haƙarƙari, kafaɗarsa ta goce ana cikin wasan, daga filin kuma aka wuce da shi asibiti aka tarar huhunsa ya huje.

Akan ba da irin waɗannan labarai da alfahari, amma mai wannan maƙala na ganin akwai abin dubawa. Al'adar da ke yabon wanda ya buga da hujajjen huhu ita ce dai ke zagin wanda ya buga da ciwo bai ci ba, kuma tsakanin yabon da zagin ana tura samari su yi caca da lafiyar da za su rayu da ita shekara 40 bayan sun ajiye sanda.

Kason da ke hannun tauraro

Duk abin da ya gabata bai nuna cewa ɗan wasa ba shi da ta cewa ba. Tambayar da ta dace ita ce: idan aka toshe masa hanyar da ya saba bi, yana da wata?

A 1983 New York Islanders ta share Edmonton wasa huɗu a jere a wasan ƙarshe. Ƙungiyar da ta ci 424 a kaka ta tashi da shida, Gretzky bai ci ko ɗaya ba. Ya sha ba da labarin yadda ya wuce ta ƙofar ɗakin Islanders a daren yana tsammanin shewa da kiɗa, sai ya hango mutane a gajiye sun ɗora ƙanƙara a gwiwa da kafaɗa, alhali shi da abokansa lafiyarsu ƙalau. Shekara ta zagayo suka doke Islanders ɗin a wasa biyar.

Misalin Steve Yzerman ya fi wannan zurfi, domin shi salon wasansa ya sauya gaba ɗaya. A 1988-89 ya ci ƙwallo 65 ya tara maki 155, Detroit kuwa ba ta je ko'ina ba. Da Bowman ya zo a 1993 sai ya nemi kyaftin ɗin ya riƙa komawa gida yana tsaro, yana kwanciya a gaban hari, yana fita lokacin da ƙungiya ke da ƙarancin mutum. Makinsa ya sauka, har aka yi ta raɗe-raɗin za a sayar da shi ga Ottawa. Amma daga nan ya zama mutumin da ke da amfani ko a daren da bai ci ba. Ya ɗaga kofi a 1997, na farko ga Detroit tun 1955, ya sake a 1998 tare da Conn Smythe, sannan a 2002 ya tara maki 23 a wasa 23 da gwiwar da sai ya dogara sanda yake miƙewa idan ya faɗi.

Nikita Kucherov kuwa abin da ya gyara shi ne fushi. A 2019 Tampa Bay ta ci wasa 62, shi kuma ya tara maki 128. Columbus ta farke ci 3 da nema a wasan farko ta cinye, ta sake cinye na biyu, takaici ya sa Kucherov ya banke Markus Nutivaara a jikin katanga, aka dakatar da shi wasa na uku. Aka fitar da su wasa huɗu a jere bai ci ƙwallo ba. Wannan gazawa tasa ce, ba ta gola ko sa'a ba, domin shi ya cire kansa daga fili ranar da aka fi bukatarsa. A 2020 ya fi kowa maki da 34, a 2021 da 32, Tampa ta ci kofin sau biyu. Amma ko a nan ba shi kaɗai ya canja ba. Shugabannin ƙungiyar sun sayo Blake Coleman da Barclay Goodrow suka gina sahu na uku mai cizo, wanda ya ɗauke wa manyan wani nauyi.

Haka labarin Ovechkin na 2018 yake idan aka duba shi da kyau. Kafin shekarar yana da ƙwallo 46 da maki 90 a wasa 97 na neman kofi, adadin da ba rago ke tarawa ba. A 2018 ya ci 15 a wasa 24, an kuma gan shi yana faɗawa gaban hari yana komawa tsaro fiye da da. Sai dai a bayansa gola Braden Holtby ya hana Tampa cin ko ɗaya a wasa na shida da na bakwai, ya kuma miƙa sanda ya tare harin Alex Tuch a bakin raga ana dab da tashi wasa na biyu na zagayen ƙarshe da Vegas. Evgeny Kuznetsov ya tara maki 32. Devante Smith-Pelly, wanda ya ci bakwai a wasa 75 na kaka, ya sake cin bakwai a wasa 24. Ovechkin ya ƙara kaɗan, na kewaye da shi suka ƙara da yawa, aka ce ya koyi cin kofi.

Batun Toronto

Akwai inda uzurin ƙarancin wasanni ke fara rauni, kuma adalci ne a tsaya a kansa. Toronto Maple Leafs rabonta da kofi tun 1967. Daga 2017 zuwa 2025 ta shiga neman kofi shekara tara a jere da Auston Matthews da Mitch Marner, karawa biyu kacal ta tsallake. Matthews ya ci 60 a 2021-22, ya ci 69 a 2023-24. Zuwa ƙarshen kakar 2024-25 yana da ƙwallo 401 a wasa 629 na kaka, wato 0.64 a kowane wasa, amma a neman kofi 26 ne a wasa 68, wato 0.38. Wannan ba raguwar Gretzky ba ce, kuma wasa 68 sun kusa kaka guda cikakkiya. Sau shida su biyun suka buga wasa na bakwai, duk aka cinye su, kuma ba wanda ya ci ƙwallo a cikinsu. A biyar na ƙarshe ƙungiyar ƙwallo ɗai-ɗai ta ci. A na 2025 Florida ta lallasa su 6 da 1 a gidansu, magoya baya suna ihu suna jefa riguna cikin fili.

Duk dalilan da aka ambata a baya suna nan a labarin. A 2021 kyaftin John Tavares ya ji mummunan ciwo a wasan farko da Montreal, sahu na biyu ya raunana, Phillip Danault ya samu damar maƙale wa Matthews, ga Carey Price a raga. Matthews ya kai hari fiye da 30, ɗaya ta shiga. A 2024 rashin lafiya da ciwo sun hana shi wasa biyu. Waɗanda suka fitar da su a 2019, 2021, 2022, 2023 da 2025 duk sun kai wasan ƙarshe, ba ƙananan abokan karo ba ne. Ga kuma dokar iyakar albashi da ke aiki tun 2005: daga 2019 zuwa 2025 mutum huɗu, Matthews da Marner da Tavares da William Nylander, sun riƙa cin kusan rabin kuɗin da aka yarda ƙungiya ta kashe, abin da ya rage bai isa a gina sahu na uku irin na Tampa ba.

Amma bayan an cire duk wannan, saura na nan. Ƙwallayen Matthews galibi daga tsakiyar fili suke fitowa, 'yan taku daga raga, inda yake karɓa ya saki cikin ƙiftawar ido. Marner kuwa gwanin riƙe ƙwallo ne a gefe har sai ya hango ɓaraka. Waɗannan wurare biyu su ne farkon abin da koci mai mako biyu zai shirya wa: a cunkushe tsakiya da jiki da sanda, a bar Marner ya yi ta zagaye a waje. Shekara bayan shekara an yi musu haka, kuma amsar da suka kawo ba ta sauya sosai ba. Florida da ta fitar da su sau biyu tana cin nata ne da turmutsutsu a bakin raga, da ƙwallon da ta dawo daga jikin gola. Sam Bennett, wanda bai taɓa cin 30 a kaka ba, ya ci 15 a 2025 ya ɗauki Conn Smythe. Matsin lambar garin Toronto, inda kowane kuskure ke kwana a rediyo da talabijin, na iya ƙara nauyi, amma ba a auna shi da alƙalumma, alhali wurin da mutum ke kai hari daga gare shi ana iya ƙirga shi a bidiyo, kuma nan ne ya kamata masu nazari su sa ido.

A tsakiyar 2025 aka raba su. Marner ya koma Vegas Golden Knights da kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 96, ya bar Toronto da maki 63 a wasa 70 na neman kofi, 13 daga ciki ƙwallaye. A can ya tarar da Jack Eichel, wanda ya yi shekara shida a Buffalo bai taɓa shiga neman kofi ba, ana cewa ba a cin nasara da shi, sannan a shigarsa ta farko a 2023 ya fi kowa maki da 26, Vegas ta ɗaga kofin. Wannan rabuwa ta bai wa masu nazari gwajin da ba kasafai ake samu ba: 'yan wasa biyu da suka yi shekara tara ana auna su tare, yanzu kowanne da nasa koci, da nasa gola, da nasa sahu na uku.